Marigayi Alhaji Abubakar Tafawa Balewa: Malamin Makaranta da Sha'anin Ƙidaya

Ko wace shekara, in lokacin gwajin koyarwa ya zo, a kan rarraba ɗaliban kwalejin nan cikin makarantun ƙasar Kontagora. Waɗansu su kan zauna cikin gari, waɗansu kuwa a tura su Ibeto, ko Salka, ko Auna, ko Nasko. Duk inda mutum ya sauka, abin da hedimasta ya kan fara miƙa masa, tun kafin alli, shi ne rajista. Da yawa daga cikinmu mu kan ɗauki kiran suna wani ɗan aikin gajiyarwa ne wanda a ke yi don a huta da faɗan Sufeto. In yaro bai zo ba, sai a ce ai gobe ya zo, a sa masa alamar zuwa. In an aiko da takardar cikawa daga ofishin ilmi, sai a dubi rufin aji a rubuta abin da ya zo baki.

To, saboda wannan ne na ga ya kamata a wannan fitowa in ba ku labarin wani malamin makaranta wanda ya fara da kiran sunan yara a Bauci, ya ƙare yana riƙe da lissafin mutanen Nijeriya duka, watau marigayi Alhaji Sir Abubakar Tafawa Balewa. Kowa ya san hotonsa a jikin takardar naira biyar, kowa kuma ya san shi ne Firayim Ministan Nijeriya na farko. Amma ba kowa ya lura da yadda sha'anin ƙidaya ya bi shi tun daga farkon aikinsa har ƙarshe ba. Ta wannan fuska za mu dubi rayuwarsa.

Asalinsa da Karatunsa

An haifi Malam Abubakar cikin Disamba 1912 a garin Tafawa Balewa, cikin ƙasar Lere ta Lardin Bauci. Sunan mahaifinsa Yakubu Ɗan Zala, mahaifiyarsa kuwa Fatima Inna. Ba ɗan sarauta ba ne. Mahaifinsa yana aiki ne a ƙarƙashin Ajiyan Bauci, wanda ke riƙe da ƙasar Lere. Kamar sauran yaran zamaninsa, da makarantar allo ya fara, kāna aka sa shi elementare a garinsu, daga nan ya wuce makarantar lardi a Bauci.

Cikin 1928 aka zaɓe shi zuwa Kwalejin Katsina, wadda ita ce uwar makarantun horon malamai na Arewa. A can ko wane ɗalibi a kan ba shi lamba bisa ga shigowarsa. Lambar Malam Abubakar 145. Ahmadu Raba, wanda daga baya ya zama Sardaunan Sakkwato, ya riga shi shiga, lambarsa 87. Ku tsaya ku dubi wannan lamba da kyau. An fara karatu a kwalejin cikin 1921. Ke nan cikin shekara bakwai, duk faɗin Arewa, daga Sakkwato har Barno, daga Katsina har Ilori, samarin da suka sami shiga ba su kai ɗari da hamsin ba. Yau aji ɗaya na kwalejinmu ya kan fi haka. Daga cikin waɗannan 'yan ƙalilan ne za a sami malaman midil, da ma'aikatan En'e, da waɗanda za su yi magana da yawun Arewa in ranar magana ta zo.

Ya yi shekara biyar a Katsina. Ya shahara wajen Turanci, har daga baya a ke kiransa mai muryar zinariya saboda daɗin lafazinsa. Cikin 1933 ya gama, ya koma Midil ta Bauci ya kama aikin koyarwa. A wannan lokaci ne Ofishin Fassara na Zariya, a ƙarƙashin Dokta East, ya sa gasar rubuta littattafan hira da Hausa. Malam Abubakar ya rubuta Shaihu Umar. Cikin waɗanda suka shiga gasar har da Malam Abubakar Imam, mutumin Kagara ta nan kusa da mu, wanda ya rubuta Ruwan Bagaja.

Malami, Hedimasta, Mai Duba Makarantu

Ya fi shekara goma yana koyarwa, har ya zama hedimastan Midil ta Bauci. A zamanin da ya ke can ne Malam Aminu Kano ya zo koyarwa makarantar, Malam Sa'adu Zungur kuma yana gari. Su da waɗansu 'yan boko suka riƙa taruwa suna tattauna al'amuran ƙasa, irin su haraji, da shari'a, da aikin En'e. Cikin 1945 aka tura shi Ingila tare da waɗansu malaman Arewa, ya yi shekara guda a sashen koyon aikin malanta na Jami'ar Landan. Da ya komo cikin 1946 sai aka ba shi aikin duba makarantu a Lardin Bauci.

Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san abin da ya ƙunsa. Mai duba makarantu ba ya yarda da labarin baka. Ya kan buɗe rajista ya ga yara nawa ke rubuce, sa'an nan ya juya ya ƙidaya kawunan da ke zaune. Ya kan tambayi yara nawa suka shiga aji ɗaya shekara huɗu da suka wuce, nawa kuma suka rage a aji huɗu. Ya kan duba 'yan mata nawa ne, malamai nawa ke da takardar shaida, allo nawa, benci nawa. Da irin wannan lissafi ne a ke sanin inda za a buɗe sabuwar makaranta, da inda za a ƙara malami, da hakimin da za a yi wa magana don ya matsa wa iyaye.

Da aka tara lissafin larduna duka, ga abin da ya nuna. Cikin 1947, yaran da ke makarantun firamare a Arewa kimanin 71,000 ne, a Kudu kuwa sun fi 538,000. A makarantun sakandare abin ya fi muni: Arewa na da makaranta 3 da ɗalibai 251, Kudu na da makaranta 43 da ɗalibai fiye da 9,600. Watau in Arewa ta kawo ɗan sakandare guda, Kudu ta kawo kusan arba'in. Alhali kuwa Arewa ta fi yawan jama'a. A wannan shekara ta 1947 ce Malam Abubakar ya fara zama a Majalisar Dokoki ta Nijeriya, bayan an zaɓe shi zuwa Majalisar Arewa a Kaduna. Ke nan ya shiga siyasa da lissafi iri biyu a hannunsa. Na ɗaya ya ce Arewa ta fi yawa. Na biyu ya ce Arewa tana baya ƙwarai wajen ilmin zamani. Kusan duk abin da ya yi daga baya, a kan waɗannan biyu ya ke tsaye.

Taron Ibadan da Maganar En'e

Cikin Janairu 1950 aka yi babban taro a Ibadan don a shirya sabon tsarin mulki. Wakilan Arewa, da Malam Abubakar cikinsu, suka nemi a ba Arewa rabin kujerun majalisar tsakiya, a kuma raba kuɗin ƙasa bisa ga yawan mutane. Hujjarsu ita ce ƙidaya. An yi ta ja-in-ja, amma a ƙarshe tsarin mulkin 1951 ya ba Arewa kujera 68, Gabas 34, Yamma 34. Ƙidayar da aka yi cikin 1952 da 1953 ta sami mutum miliyan 30.4, daga ciki miliyan 16.8 a Arewa. Tun daga ranar nan kowa ya gane cewa a Nijeriya yawan kai shi ne yawan kujera, yawan kujera kuwa shi ne mulki. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Cikin Agusta na wannan shekara ta 1950 ya yi abin da ya girgiza Arewa. Ya tashi a majalisa a Kaduna ya kawo shawara a binciki yadda a ke tafiyar da mulkin En'e, a gyara shi. Ya yi magana a kan cin hanci, da yadda talaka ba shi da ta cewa, da jahilcin da ya rufe jama'a. A zamanin nan ba ƙaramin abu ba ne ɗan talaka ya faɗi haka a bainar jama'a, balle shi ma'aikacin En'e. Abin lura shi ne, bai nemi a rushe kome nan take ba. Bincike ya nema, a je a gani tukuna, kāna a yanke shawara. Gwamnati ta sa Turawan mulki biyu, Maddocks da Pott, suka zaga larduna suka rubuta rahoto. A kan wannan ne aka bi, har aka bar tsarin da Sarki shi kaɗai ne En'e, aka koma Sarki da majalisarsa, aka kuma yi sabuwar dokar En'e cikin 1954. Yaƙi da Jahilci, wanda ya koya wa manya da yawa karatu da rubutu cikin shekarun 1950, shi ma wannan magana tana cikin abin da ya zaburar da shi.

Auna Kogi Kafin a Tare Shi

Cikin 1952 ya tafi Ikko, watau Legas, ya zama Ministan Ayyuka, daga baya Ministan Sufuri. A nan ya haɗu da wani irin lissafi dabam. Kogin Kwara da na Binuwai hanyoyi ne na ɗaukar kaya, amma ruwansu ba ya tsayawa wuri ɗaya. Binuwai ba ta ɗaukar manyan jirage sai 'yan watanni cikin damina. Gwamnati ta ɗauko injiniyoyi daga ƙasar Holan, suka shekara da shekaru suna auna zurfin ruwa, da ƙarfin gudunsa, da yashin da ya ke ɗebowa. Aka kafa sandunan awo a bakin kogi, a ka sa mutane suna rubuta tsayin ruwa kullum. Shi kansa Ministan ya tafi Amurka cikin 1955 don ya ga yadda su ke tafiyar da jirage a manyan kogunansu. Rahoton mutanen Holan ya fito cikin 1959.

Irin wannan awo ne ya nuna inda ya dace a tare Kwara. Cikin 1964 Alhaji Abubakar ya aza harsashin madatsar ruwa ta Kainji, aka gama ta cikin 1968, bayan rasuwarsa. Mu mutanen wannan yanki mun fi kowa sanin labarin, gama tafkin yana nan yamma da mu. Kafin ruwa ya taso sai da aka bi gari gari aka ƙidaya gidaje da mutanen da za a tasa, suka fi 40,000, aka gina musu sababbin matsugunai, har da Sabuwar Busa. Ku tuna da ɗan ma'aikacin nan mai karanta sandar awo ko wace safiya. Ba wanda ya san sunansa. Amma da ya riƙa zama a gida yana rubuta abin da ya ga dama, da injiniyoyi sun yi gini a kan ƙarya. Aikinsa da na mai kiran rajista ɗaya ne.

Haka kuma hanyar jirgin ƙasa ta Barno, wadda ta tashi daga Kuru kusa da Jos, ta bi ta Bauci da Gwambe, ta isa Maiduguri cikin 1964. Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 28 cikin 1958 don aikin jirgin ƙasa. Masu ba da rance kuwa ba su buɗe jaka sai an nuna musu a rubuce irin kayan da jirgin zai ɗauka, da kuɗin da zai kawo.

Hukumar Ashby

Cikin 1957 ya zama Firayim Minista. Mulkin kai ya matso, Turawa za su tafi, ga tambaya ta taso: wa zai riƙe ayyukan da za su bari? Likita nawa a ke bukata, injiniya nawa, malami nawa? Ba wanda ya sani tabbas. Saboda haka cikin Afrilu 1959 gwamnatinsa ta kafa hukuma ta mutum tara don ta binciki bukatar ƙasar wajen ilmi mai zurfi har shekara ashirin masu zuwa. Uku 'yan Nijeriya ne, uku daga Ingila, uku daga Amurka. Shugabanta Sir Eric Ashby. 'Yan Nijeriyan su ne Dokta Kenneth Dike, da Dokta Sanya Onabamiro, da Shettima Kashim Ibrahim na Barno, wanda shi ma tsohon ɗalibin Katsina ne, tsohon malamin makaranta kuma.

Yadda suka yi aikin ya isa ko wane mai koyon malanta ya fahimce shi. Sun sa wani masani daga Amurka, Frederick Harbison, ya lissafta manyan ma'aikata da matsakaita nawa ƙasar za ta bukata daga 1960 zuwa 1970. Daga nan sai suka yi lissafin da baya da baya. In ana so jami'a ta fitar da mutum kaza ko wace shekara, to, sai ta ɗauki kaza, gama waɗansu za su fāɗi a hanya. In za ta ɗauki kaza, sai sakandare ta yaye kaza. In sakandare za ta yaye kaza, sai firamare ta kawo mata kaza. Ko wane mataki kuma yana bukatar malamai kaza, su ma sai an horar da su a wani wuri. Da haka suka gangaro daga jami'a har zuwa aji ɗaya na makarantar ƙauye.

Da suka iso ƙasa, abin da suka tarar ya tayar da hankali. Mafi yawan malaman firamare na Nijeriya ba su da takardar shaidar horo. Wajen yawan yara kuwa, cikin 1960 Gabas na da fiye da miliyan 1.4 a firamare, Yamma fiye da miliyan 1.1, Arewa kuwa kimanin 283,000 kaɗai. Saboda haka hukumar ba ta sa wa Arewa abin da ba za ta iya ba. Ta ce a yi ƙoƙari kafin 1970 yaro ɗaya cikin huɗu ya gama babbar firamare. Ta ba da shawara ɗaliban jami'a su kai 7,500 kafin 1970, a lokacin da Kwalejin Jami'a ta Ibadan ke da kimanin dubu ɗaya. Ta ce a kafa jami'a a Arewa da wata a Ikko. Ta kuma matsa ƙwarai a kan horon malamai.

An miƙa rahoton cikin Satumba 1960, ana sauran 'yan makonni a sami mulkin kai. Gwamnati ta karɓa, har ta ga adadin ya yi kaɗan ta ɗaga shi zuwa 10,000. Cikin 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da Jami'ar Legas, aka kafa hukumar kula da jami'o'i da hukumar lissafin ma'aikata. A shekarar nan kuma aka buɗe Babbar Kwalejin Horon Malamai ta Zariya da 'yan'uwanta na Kudu, inda aka fara ba da takardar shaidar malanta ta ƙasa, wadda yau ita ce ɗalibanmu ke nema. Ke nan takardar da ku ke wahala dominta jikar wancan lissafi ce. Tun kafin 1970 ta zo, ɗaliban jami'a sun wuce 7,500 ɗin da hukumar ta ƙiyasta. Wannan ba aibi ba ne. Ƙiyasi ba wahayi ba ne, a kan sake duba shi in sabon labari ya zo.

Ƙidayar da Ta Zama Rigima

Yanzu mu komo kan abin da na ce ku riƙe. Shirin raya ƙasa na 1962 zuwa 1968 yana bukatar a san yawan mutane. Ɗaya daga cikin masanan da suka tsara shi, Wolfgang Stolper, daga baya ya rubuta littafi wanda sunansa kansa ke nuna cewa sun yi shirin ne ba tare da tabbatattun bayanai ba. Saboda haka aka sa rai ƙwarai ga ƙidayar Mayu 1962, wadda ita ce ta farko bayan mulkin kai.

Amma fa yanzu kowa ya san abin da yawan kai ke sayowa. A zamanin Turawa, in mai ƙidaya ya shigo gari, mutane su kan ɓoye 'ya'yansu, domin suna tsammani maganar haraji ce, ko kuwa za a kwashe yara zuwa makarantar boko. Cikin 1962 abin ya juye. 'Yan siyasa na ko wace jiha suka shiga gari gari suna gaya wa mutane kada a bar kowa a baya, gama da yawa ne a ke samun kujera, da asibiti, da rijiya. Da sakamako ya fara shigowa, Baturen da ke shugabancin aikin, Mista Warren, ya ce adadin waɗansu wurare na Gabas ya wuce hankali. Aka koma a sake dubawa, sai adadin Arewa shi ma ya yi tsalle. Ko wane ɓangare ya zargi ɗan'uwansa. Ba a taɓa buga wannan sakamako da sunan gwamnati ba.

Firayim Minista ya soke ƙidayar, ya ɗauki al'amarin a hannunsa, aka sake wata cikin Nuwamba 1963. Cikin Fabrairu 1964 aka bayyana sakamako: mutum miliyan 55.6. Arewa miliyan 29.8, Gabas 12.4, Yamma 10.3, Yamma ta Tsakiya 2.5, Ikko kimanin 665,000. Firimiyan Gabas, Dokta Michael Okpara, ya ƙi yarda, gwamnatinsa ta kai ƙara Kotun Ƙoli, kotu ta ce ba ta da ikon sauraron maganar. Gwamnatin Tarayya ta tsaya a kan wannan adadi, da shi aka raba mazaɓu na zaɓen Disamba 1964.

To, ku ɗauki alli mu yi ɗan lissafi. In mutum miliyan 30.4 suna ƙaruwa da biyu da rabi cikin ɗari ko wace shekara, bayan shekara goma sha ɗaya za su kai wajen miliyan 40. Ina sauran miliyan goma sha biyar suka fito? Masana ƙidaya sun ce abu biyu ne suka haɗu: ta 1952 ta gaza, ta 1963 kuma an yi mata ƙari, a Kudu da Arewa duka. Ƙaryar farko ta tsoro ce, ta biyu ta kwaɗayi. Alhaji Abubakar mutum ne wanda har abokan hamayyarsa sun shaide shi da rashin son abin duniya. Amma shugaba ba ya iya bin gida gida da kansa. Abin da dubban masu ƙidaya suka rubuta, shi za a kawo masa. Ba za mu ce ba shi da nasa alhaki ba, gama shi ya karɓi adadin, jam'iyyarsa kuma ta amfana da shi. Sai dai lalacewar ta faro ne tun daga ƙasa, daga hannun masu riƙe da fensir.

Rigimar ƙidaya ta raba gwamnatin haɗin gwiwa, ta zuba wa zaɓen 1964 guba, ta haɗu da rikicin Jihar Yamma wanda ya ƙazanta bayan zaɓen Oktoba 1965. Cikin Janairu 1966 ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashen Kwamanwel a Ikko a kan maganar Rodeshiya. 'Yan kwanaki bayan sun watse, daren 15 ga Janairu, waɗansu hafsoshin soja suka ɗauke shi daga gidansa. Bayan kwanaki aka sami gawarsa a gefen hanyar Abekuta. Aka kai shi Bauci aka binne. Yana da shekara 53. Bai bar dukiyar a zo a gani ba.

Abin da Ya Biyo Baya

Cutar ba ta mutu tare da shi ba. Ƙidayar 1973 ita ma an soke ta cikin 1975. Saboda haka sa'ad da aka zo shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa cikin Satumba 1976, ba wani tabbataccen adadi a hannu, ba kuma rajistar haihuwa mai ƙarfi. An yi tanadin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai kimanin miliyan 3 suka zo, waɗansu sun wuce shekarun shiga, waɗansu ba su kai ba. Azuzuwa suka kasa, aka zauna gindin itatuwa, aka yi ta yaye malamai cikin gaggawa. Tsofaffin malamanmu da suka ga wannan zamani suna nan, ku tambaye su. Da aka yi ƙidayar 1991 aka sami kimanin miliyan 89, alhali masu lissafi daga adadin 1963 suna tsammanin an wuce miliyan 100 nesa.

Abin da Ya Rage Gare Mu

Ɗan'uwa mai shirin tafiya gwajin koyarwa, ga inda labarin ya shafe ka. Adadin da Minista zai karanta a majalisa ba daga sama ya ke faɗowa ba. Daga rajistarka ya ke tashi, ya bi ta hannun hedimasta, ya je ofishin ilmi na ƙaramar hukuma, ya wuce Minna, ya isa Abuja. In ka rubuta yara sittin alhali arba'in ke zuwa, an aiko da littafi ashirin inda ba mai karanta su, wata makaranta kuma ta rasa. Mafi muni, yara ashirin ɗin nan da suka daina zuwa sun ɓace ke nan, ba wanda zai tafi neman su, gama takarda ta ce suna nan.

Kada kuma ka tsaya ga cika takarda don na sama. Rajistar taka ce kafin ta zama tasu. In ka sauka Ibeto, ka yi mako huɗu kana kiran suna da gaskiya, sa'an nan ka zauna ka duba. Wace rana ce yara suka fi ƙaranci? In ranar kasuwa ce, kada ka sa sabon darasi mai wuya a ranar. Wane wata ne aji ke raguwa, lokacin shuka ko lokacin girbi? A wane aji ne 'yan mata ke fara ɓacewa? Yaran wace unguwa ke makara, kuma mil nawa su ke takowa? In ka yi jarrabawa, kada ka tsaya ga jimlar maki. Duba tambaya ɗaya ɗaya. In yara talatin cikin arba'in sun fāɗi tambaya guda, to, ba yaran ne ba su ji ba, darasin ne ke bukatar a sake shi. In kuma ka lura waɗanda ke fāɗuwa su ne yaran da suka tashi da Kambarci a gida, Hausa ba ta zauna musu ba tukuna balle Turanci, to, ka san maganar harshe ce, ba ta ƙwaƙwalwa ba. Da irin wannan ne za ka je wurin hedimasta, ko mai gari, ko taron iyaye, ka yi magana a saurare ka, domin kana da abin nunawa.

Alhaji Abubakar ya nemi a bincika kafin a gyara En'e, a auna kogi kafin a tare shi, a lissafta malamai kafin a gina jami'a. Inda aka kawo masa adadi na gaskiya, aikin yana nan tsaye har yau. Inda aka kawo masa na ƙarya, ƙasa ta daɗe tana biya. Gobe da safe, in ka buɗe rajista, ka kira suna, ka ɗaga kai ka ga mai sunan da idonka, kāna ka sa alama.

Allah ya jiƙan Malam Abubakar, ya gafarta masa kurakuransa, mu kuma ya ba mu ikon riƙe amanar da ke hannunmu. Amin.